Baƙin Katin Rufus Gaskin

A garinmu Macon, in ka jiyo murya daga ƙarshen layi tana tashi kamar ana wa'azi, ka kasa kunne ka ji ashe farashin taya ake faɗa, to ba sai ka leƙa ba, Rufus Gaskin ne. Gyaran injin yankan ciyawa yake yi a garejin bayan gidansa, kuma tsakani da Allah hannunsa yana da kyau. Bakin ne dai ba birki. Shi ne ya taɓa cin bashi ya sayi kwale-kwale mai inji, alhali ko a bahon wanka bai iya iyo ba, ya girke shi a ƙofar gida yana wankewa duk Asabar, har ranar da masu kuɗin suka gaji da jira suka zo suka ja abinsu. Da maƙwabta suka yi masa jaje, cewa ya yi sojan ruwa ne suka roƙe shi aro.

To, ɗansa tilo Lamont ya tashi aure, kuma bai tashi nema ko'ina ba sai gidan Likita Ambrose Whitlow, likitan haƙorin nan da rabin garin ke buɗe wa baki. 'Yarsa Janelle ce amaryar. Kowa ya san abincin jajibirin biki a wuyan uban ango yake. Odessa, matar Rufus, tuni ta gama shirinta. Ta kama zauren coci, matan ƙungiyar mawaƙa sun yi alkawarin soya kaji da tarwaɗa, ita kuma za ta gasa burodin masara. Da an bar ta, da an ci an sha an watse lafiya.

Abin da ya ɓata lamarin, wata Lahadi bayan an taso daga coci Likita ya kwashi iyalan biyu ya kai su cin abinci. Da aka kawo takardar kuɗi, Rufus ya fara lalube a aljihun baya, irin laluben nan na sannu-sannu da ake yi don wani ya riga ka. Likita kuwa ko kallon takardar bai yi ba. Ya zaro wani shuɗin kati, ya ɗora a kan na'ura, ta ce ƙit.

"Bar shi, Mista Gaskin," in ji shi da murmushi. "Kada ka wahalar da kanka."

Bawan Allah da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Rufus da kalmar nan ya kwana, da ita ya tashi. Wahala! Shi Rufus Gaskin za a ce wa kada ya wahala, a gaban matarsa da ɗansa? Ya rantse a ransa, ranar jajibiri sai surukin nan ya zauna ya naɗe hannu yana kallo na'ura ta ce wa Rufus ƙit a gaban jama'a, ko da shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya.

Litinin da safe ya saka kwat ya nufi banki. Ya zauna gaban wata matashiya mai tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce katin bashi yake so, irin na likitoci.

Ta danna na'urarta, ta duba. Ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Mista Gaskin, ka taɓa mallakar kwale-kwale?"

"Yana hannun hukuma."

"To, makinka bai kai ba. Katinmu na 'yan firam ne, kai kuwa a halin yanzu sabfiram kake. Akwai kamfanonin da ke ba irinku, amma da za ka ji shawarata..."

"Me kika ce nake?"

"Sabfiram."

A ƙasar nan kowane baligi yana yawo da maki a ka, ya sani ko bai sani ba. Mai biyan bashi a kan lokaci makinsa ya hau, shi ne firam: bankuna na rububinsa, su ba shi iyaka mai faɗi da kuɗin ruwa kaɗan, har su riƙa mayar masa da 'yan canji in ya yi sayayya. Wanda kuwa ya saba laɓewa in waya ta yi ƙara, shi ne sabfiram, wato na ƙasa da wancan. Shi ma ana ba shi kati, amma da hannu ɗaya ake miƙa masa, ɗaya hannun yana cikin aljihunsa. Wannan ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Sai dai Rufus abu ɗaya kunnensa ya kama, shi ne kalmarsa ta fi ta Likita tsawo.

Ya miƙe yana gyara kwat. "Wato bankinku ya yi mini kaɗan. Ba laifinki ba ne, 'yata. Na gode da kika faɗi gaskiya."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon askin Percy, inda duk labarin da zai zaga gari yake fara saka takalmi. Dattijo Hubbard, tsohon direban bas, yana zaune a kusurwarsa da jarida. Kullum yana shagon, ko da yake rabonsa da gashin da za a aske tun Lamont na rarrafe.

"Percy," in ji Rufus tun daga bakin ƙofa, "kai me kake a banki?"

"Ni? Baƙo."

"Likita Whitlow fa?"

"Ai shi firam ne, ko makaho ya sani."

Rufus ya taɓe baki. "Firam. Firam kawai? Allah sarki. To ni yau aka duba ni a na'ura, aka ce sabfiram."

Almakashin Percy ya tsaya cak. Hubbard ya sauke jarida a hankali.

"Ɗan'uwa Rufus, ka san ma'anar sab ɗin nan kuwa?"

"Ni za ka koya wa? In ka shiga shagon burodi da nama ka ce a ba ka na kullum, me za a miƙo maka? Yanka biyu, abin da ba zai ƙosar da kyanwa ba. In ka ce a ba ka sab fa?"

"Dogon nan," in ji wanda ake yi wa aski, "mai tsawon kamu guda."

"To! Duk abin da aka liƙa wa sab, ƙari ne. Likita yanka biyu ne, ni ne dogon."

Hubbard ya buɗe baki zai yi magana, Percy ya taka masa ƙafa. Mutanen shagon aski, Allah ya shirye su, ba su da sana'ar da ta wuce ingiza mai kantu ruwa.

"Gaskiyarka, Babban Rufus," in ji Percy. "Mu ne jahilai. Ga lambar wani kamfani can da ke talla a talabijin, masu irin naka ne. Buga musu mu sha kallo."

Nan take ya buga. Kafin a gama aske ƙeyar mutumin nan, wata mata a waya ta ce an amince da shi.

Rufus ya rufe bakin wayar da hannu. "Kun ji? Ko sunan kakana ba su tambaya ba."

Matar ta ce sai dai ya fara biyan kuɗin buɗewa dala casa'in da biyar, sannan akwai kuɗin shekara da za a cire daga cikin katin. Ya sake rufe waya.

"Likita yana biyan kuɗin shiga?"

"Ina! Kyauta ake ba shi," in ji Percy.

"Na sani. Wurin da ake shiga kyauta ai kasuwa ce."

Matar ta ce kuɗin ruwa kashi talatin da shida ne cikin ɗari.

"Na Likita nawa ne?"

"Bai fi sha biyar ba," in ji Hubbard, wanda yanzu shi ma ya shiga wasan. "Har mayar masa da kuɗi suke yi in ya sayi abu."

"Sadaka!" Rufus ya girgiza kai cikin tausayi. "Ko rabina bai kai ba, ga shi har sadaka ake ba shi. Ashe bawan Allah rufin asiri ne kawai."

Sai matar ta ce iyakarsa ɗari uku ce. A nan Rufus ya ɗan yi jim, har 'yan shagon suka zaci an zo ƙarshen wasa. Can sai fuskarsa ta washe.

"Percy, gidan Likita nawa aka ce ya saya?"

"Ɗari huɗu da hamsin."

"Dala ɗari huɗu da hamsin?"

"Dubu mana. Wa ke tsayawa faɗin dubu a maganar manya?"

"Madalla," in ji Rufus. Ya mayar da waya kunne. "Ɗari ukun ta yi, 'yata. A fara da ita."

Hubbard ya rufe fuska da jarida, kafaɗunsa na rawa. Kuɗin buɗewar kuwa, da na kayan gyaran injin wani mai tsautsayi aka biya shi.

Da katin ya iso, ko maƙiyin Rufus ya ga abin sai ya yaba. Baƙi wul, sumul, da zanen kambi na ruwan zinariya a tsakiya. Ba wanda ya kai masu irin wannan kati iya kwalliya. Rufus ya saya masa sabon walat, ya ware masa aljihu shi kaɗai, sannan ya wuce coci ya soke zaure.

Odessa tana yanka albasa ya shigo. Shekarunta da yawa tana dafa wa yaran firamare abinci, don haka ba ta da saurin firgita.

"Rufus, me na ji Fasto yana cewa ka soke zaure?"

"Zaure na firam ne zuwa ƙasa. Bakin kogi za mu."

"Gidan abincin nan da ake jera wa mutum cokula uku?"

"Huɗu."

"Da kuɗin wa?"

Ya zaro katin da yatsu biyu, ya riƙe shi saitin fitila. Ta goge hannu, ta karɓa, ta juya gaba ta juya baya.

"Wannan ai irin wanda suke roƙon kowa ya karɓa ne. Har karen maƙwabciyarmu Vernell sun taɓa aiko wa tayi."

"Kare mai mutunci ne. Odessa, hassada ba ta yi miki kyau."

"Baba," in ji Lamont daga bakin ƙofa, "don Allah a bar shi a zaure. Janelle ma tarwaɗar take so."

"Kai rufe mini baki, suna ake gyara maka. So kake gobe in kun yi faɗa ta ce ubanka a kwanon takarda ya ciyar da ubanta?"

Odessa ta miƙa masa katinsa, ta koma kan albasarta. "Tun da na aure ka nake gaya maka wuta da zafi, kullum sai ka taɓa. Je ka taɓa."

Rufus ya fara gwajin katin da sayen cingam. Na'ura ta ce ƙit. Rufus ya tsaya yana kallon mai kanti, yana jiran a tafa masa. Ya shiga shagon huluna ya ɗauki wata malafa ruwan toka mai gashin tsuntsu, ƙit. Takalmi mai ƙyalli, ƙit. Ya cika tankin tsohuwar motarsa fal, abin da bai taɓa yi ba tun da ya saye ta, ƙit. Kowane ƙit sai ya ƙara masa tsawo, kuma kowane ƙit sai ya gayyaci mutum. Ya gayyaci Percy da Hubbard. Ya gayyaci Mis Vernell ta gidan kusa, wadda suka shekara ba sa ga maciji saboda rigimar shinge. Ya gayyaci matan ƙungiyar mawaƙa kaf, wai diyyar suyar da ya hana su. Mai kawo wasiƙa ya tsaya tambayar lambar wani gida, shi ma ya tafi da gayyata.

A wurin hayar doguwar motar biki ne na'ura ta fara yin wani kuka daban.

"An ƙi," in ji mai hayar.

"Sake sawa."

"An sake ƙi, yallaɓai."

Rufus ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya matso kusa da shi. "Ka san manyan katuna hankali gare su. In ya shiga shagon da bai yarda da shi ba, ƙin fitowa yake yi. Ni ban ce kai ɓarawo ne ba. Katin ne ya ce."

Da ƙyar ya fita da malafarsa. Amma ya riga ya shelanta wa gari cewa a doguwar mota dangin ango za su sauka, kuma baki shi ke yanka wuya. Sai ya tuna da Cornelius mai gidan jana'iza, wanda ya taɓa gyara wa inji. Cornelius yana da doguwar baƙar mota mai labule, wadda ake ɗaukar iyalan mamaci a ciki. Ya yarda ya ba da aronta har da direba, sai dai ya ce sunan gidan da ke jikin ƙofa ba ya kankaruwa.

Ranar jajibiri da la'asar motar ta zo ta tsaya a ƙofar gidan Gaskin. Mis Vernell tana ban ruwan furanni ta hango ta. Ta saki tiyo ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Rufus ya tafi! Na san bakin nan sai ya kai shi!"

Kafin ka ce kwabo layin ya cika. Wata ta fito da kwanon makaroni, wani ya fara jera kujeru a kan ciyawa. Vernell na tsakiya tana sharar hawaye tana ba da shaida, wai mutum ne mai son jama'a, wai maganar shingen nan ma ita ce ba ta da gaskiya.

Sai ga marigayi ya fito da kwat da malafa yana ƙamshin turare.

Vernell ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba ka mutu ba?"

"Ina fa! Yanzu na fara rayuwa."

"To duk abin da na faɗa na janye. Kuma shingen nawa ne."

"Na ji da kunnena, Vernell, ga shaidu. Shiga mota."

Odessa ta fito, ta ga motar, ta karanta rubutun jikin ƙofa, ta dubi mijinta. Sannan ta shiga ta ja labule. Direban Cornelius kuwa gudu ɗaya ya sani a duniya, gudun rakiyar gawa, ga fitilu a kunne. Maƙwabta suka biyo baya a jere. Mutanen garinmu akwai ladabi: duk motar da ta hango su sai ta gangara gefen titi ta tsaya, tsofaffi a bakin hanya suna cire hula suna dafa ƙirji. Rufus ya sauke gilashi yana ɗaga musu hannu.

"Ka gani, Lamont? Labari ya bazu. Kati ne."

Lamont ya zame ƙasa a kujera har kansa ya daina leƙowa.

A gidan abincin bakin kogi an haɗa tebura an yi doguwar shimfiɗa da farin ƙyalle. Likita Whitlow da matarsa da amarya Janelle sun riga su isa, da danginsu 'yan kaɗan masu magana a hankali. Suka ga ayarin ango yana ta shigowa ba ƙarshe, har da mai kawo wasiƙa da matarsa.

"Mista Gaskin," in ji Likita a kunnensa, "jama'ar da yawa. In kana so mu raba..."

"Likita," Rufus ya dafa masa kafaɗa, "kada ka wahalar da kanka."

Daɗin da ya ji a wannan lokacin, da za a sayar da shi a kwalba da an yi arziki. Ya karɓe takardun zaɓen abinci daga hannun kowa, ya ce ba mai cin kaza a bikin ɗansa. A kawo gasasshen naman sa, mafi kauri. A kawo jatan lande. Hubbard, wanda haƙoransa na roba ne, ya ce shi miya ta ishe shi. Rufus ya ce a kawo masa naman ya tsotsa.

Da aka ci aka yi nak, ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi. Ya yi wa amarya da ango addu'a cikin jimla biyu, sannan ya shiga abin da ya tara mutane.

"Surukina Likita mutumin kirki ne. Firam ne, kuma ba abin kunya ba ne, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Abin da nake so ya sani, 'yarsa ta shigo gidan sabfiram."

Matar Likita ta ƙware da shayi. Janelle ta dubi Lamont, Lamont ya dubi cokalinsa na huɗu.

"Faɗa musu, Babban Rufus!" in ji Percy daga ƙarshen tebur.

Ma'aikaciyar da ke kula da su ta kawo takardar kuɗi da na'ura. Rufus ya kawar da kai daga takardar kamar yadda ya ga Likita ya yi, sai dai wutsiyar idonsa ta ci amanarsa, ta hango dubu uku da 'yan kai. Ko a jikinsa. Me dubu uku za ta yi wa mai ɗari uku? Ya ɗaga katin sama kowa ya ga kambi, sannan ya ɗora.

Na'ura ta yi kukan da ta yi a wurin hayar mota.

"Sanyin ɗakin nan ne," in ji Rufus. Ya goga katin a hannun riga, ya hura masa iska, ya sake ɗorawa. Ta sake yi.

"Yallaɓai," in ji ma'aikaciyar da murya ƙasa, "ko za mu je gefe?"

"Gefe? Ɓarawo ne ke zuwa gefe. Na'urarku ce ba ta saba ganin irinsa ba. Bari in kira kamfanin, kowa ya ji da kunnensa, gobe kada a ce Rufus ya faɗa."

"Rufus," in ji Odessa, "kada ka buɗe muryar wayar nan."

Ya buɗe ta har ƙarshe, ya ajiye a tsakiyar tebur kusa da kwanon man shanu. Muryar inji ta gaishe shi da fara'a, ta ce shi abokin hulɗa ne mai daraja. Rufus ya zagaya da ido ya tabbatar kowa ya ji. Ya danna lambobi.

"Iyakar katinka," in ji muryar, "dala ɗari uku ce."

"Dubu," Rufus ya yi wa jama'a bayani. "Ba sa faɗa."

"Abin da ya rage maka, dala goma sha ɗaya da santi arba'in."

Ko cokali bai motsa ba. Daga can kicin ana jin ƙarar famfo.

"Dubu goma sha ɗaya?" Rufus ya sunkuya kan wayar. "Ke! Dubu?"

"Domin sake jin wannan bayani," in ji muryar, "danna ɗaya."

"Danna ɗaya, Ɗan'uwa Rufus," in ji Hubbard. "Wataƙila ta ƙaru."

Vernell ce ta fara fashewa, daga nan matan mawaƙa suka ɗauka murya huɗu. Percy ya kifa kai a kan tebur yana dukansa da hannu. Gumi ya keto wa Rufus ta ƙarƙashin malafa. Amma duk dariyar nan ba ita ta tsinka masa zuciya ba. Abin da ya tsinka ta, ya hango hannun Likita Whitlow yana tafiya a hankali zuwa aljihun ƙirji, fuskarsa cike da tausayi, bakinsa har ya fara haɗa kalmar nan.

Sai ya ji an zungure shi a gwiwa. Ya leƙa ƙarƙashin ƙyallen tebur. Hannun Odessa ne, riƙe da wani kati fari fat, ba kambi ba ƙyalli, gefensa har ya ɗan koɗe.

"Na wa?" ya raɗa.

"Nawa."

"Zai ɗauka?"

"Zai ɗauki biyun wannan."

"Tun yaushe kike da shi?"

"Tun da na gane wanda na aura. Duk wata ina biya, ban taɓa makara ba. Miƙa wa yarinyar, ka ce matarka ta biya, mu tafi gida."

Da Rufus mai jin magana ne, da nan labarin ya ƙare da ɗan sauran mutunci. Amma yana jin katin a tafin hannunsa sai ƙarfinsa ya dawo. Ya miƙe tsaye, ya gyara malafa, ya ɗaga wa Likita hannu.

"Mayar da walat ɗinka, suruki! Jama'a, gwada ku nake yi, in ga masu dariya. Na kuwa gan ku ɗaya bayan ɗaya. Wancan baƙin na ado ne. Ga ƙaramin katina da nake sayen ƙananan abubuwa da shi, irin su wannan abinci."

Ya ɗora. Na'ura ta ce ƙit.

Kai, ƙit ɗin nan ta shige shi har ƙashi. Ya dubi Likita ido cikin ido, Likita ya mayar da hannu ya naɗe a ƙirji. Abin da Rufus ya rantse sai ya gani ke nan, ga shi kuwa ya gani. Har wasu suka fara tafi.

Ma'aikaciyar ta yago takarda, ta dubi katin, ta ɗaga biro.

"Dokar gidan nan ce, in kuɗi ya kai haka sai mai katin ya sa hannu da kansa." Ta ɗaga murya yadda duk teburin zai ji. "Wace ce Odessa Gaskin?"

Tafi ya mutu. Idanu suka koma kan Odessa. Ita kuwa ta jingina da kujera, ta harɗe hannuwa, ta ɗaga kai tana nazarin fitilun rufi kamar ba a ƙasar aka haife ta ba. Rufus ya taɓa ta da ƙafa, ta janye ƙafarta. Ya dubi Lamont, ya dubi ƙofa, ya dubi Likita, wanda har yanzu hannunsa ke naɗe yana jira.

"Wace ce Odessa?" ma'aikaciyar ta sake tambaya.

Rufus ya shafa gashin baki, ya miƙa hannu ya karɓi biro.

"Ni ce," in ji shi.

An ɗaura aure washegari lafiya lau. Amma har yau, in Rufus Gaskin ya shiga shagon Percy, duk wanda ke zaune sai ya yi zumbur ya miƙe ya ba shi kujera, wai ba a barin uwar ango a tsaye.